Turmi Uku ko Goma Sha Biyar: Da Ali da Tyson Sun Haɗu

A bakin layinmu akwai mai shayi, kuma a kan bencinsa na fi jin wannan gardama. Ba ta da rana. Ana cikin hirar ƙwallo bayan isha'i sai wani saurayi ya zaro waya, ya kunna bidiyon nan da aka harhaɗa na Mike Tyson yana zubar da ƙarti ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda kowa ya san inda zuciyarsa take. "Baba, don Allah duba nan. Wannan Alin naku, minti nawa zai yi a gaban wannan?" Dattijon yakan karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba. Sannan ya mayar masa, ya ɗauki kofinsa. "Ɗana, waɗannan da kake nuna mini, tun a ɗakin sa kaya tsoro ya gama da su. Nuna mini ranar da wani ya rama."

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, domin a ganina nan gizo yake saƙa. Muhammad Ali da Mike Tyson ba su taɓa haɗuwa a fage ba, kuma babu yadda za a yi su haɗu. Shekara 24 ce tsakaninsu. Lokacin da Ali ya yi dambensa na ƙarshe, a Disambar 1981, Tyson yana ɗan shekara 15, yana koyon sana'ar a gidan Cus D'Amato a garin Catskill na jihar New York. Duk da haka ban ɗauki tambayar hirar kashe dare ba. Wanda ya ce Tyson, da wanda ya ce Ali, kowannensu yana gaya maka ne abin da ya ɗauka shi ne dambe.

An taɓa ƙoƙarin raba irin wannan gardama da na'ura. A 1969 wani mai shirye-shiryen rediyo a Miami, Murray Woroner, ya ɗura wa kwamfuta bayanan Ali da na Rocky Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a taɓa doke shi ba, sannan ya sa mutanen biyu suka yi wasan kwaikwayon dambe a gaban kyamara. Da aka nuna fim ɗin a gidajen silima na Amurka a Janairun 1970, Marciano ne ya kayar da Ali a turmi na 13. Shi Marciano bai ma gani ba, hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa a Agustan 1969. Gardamar kuwa ko gezau. Kwamfuta tana iya lissafa tsawo da nauyi da yawan naushi, amma ba ta da gurbin da za a rubuta abin da mutum yake yi idan idonsa ya rufe, ƙafarsa ta yi sanyi, kuma saura turmi tara.

Mu da muka tashi muna kallon damben gargajiya, idonmu ya riga ya saba da wani ma'auni. Turmi uku ne, hannu ɗaya ake naɗe wa zare, kuma da zarar mutum ya kai ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. Babu mai tsayawa a kanka yana ƙirga maka goma. Ina jin wannan ne ya sa Tyson yake saurin shiga ran yaranmu: ɗan dambe ne irin wanda muka sani, mai shiga ya yi kisa ya fita ko gumi bai yi ba. Kuma da a ce da dokar dandalinmu za a yi, ni ma ba zan ja magana ba, Tyson zan ba. Da wannan doka, an kashe Ali tun bai taɓa riƙe kambu ba. Sonny Banks ya kai shi ƙasa a 1962, Henry Cooper ya kai shi ƙasa a Landan a 1963. Sai dai damben zamani wata tambaya yake yi daban. Yana ba wanda ya faɗi daƙiƙa goma, ya ba shi minti ɗaya na hutu bayan kowane turmi, sannan ya zuba ido ya ga abin da zai yi da su.

Kafin a ci gaba sai a yi adalci wajen zaɓen mutanen, domin Ali biyu ne, Tyson ma biyu ne. Akwai Alin 1964 zuwa 1967, mai rawa a kan yatsun ƙafa, hannuwa a sake a gefen cinya, wanda ake kai wa naushi ya ja kansa baya kaɗan naushin ya wuce ta gaban hancinsa. Akwai kuma Alin da ya dawo a 1970 bayan an raba shi da fage, ƙafa ta yi nauyi, wanda ya koyi jingina da igiya ya sha duka ya jira. Tyson na farko shi ne na 1986 zuwa 1988, lokacin Kevin Rooney yana kusurwarsa. Na biyun, wanda ya biyo baya, sunan ne da ƙarfin hannun suka rage, amma sana'ar ta zube. Wanda ya haɗa Tyson na 1988 da Alin 1980 ya yi zalunci, haka wanda ya haɗa Alin 1966 da Tyson na 2002. Don haka kowa a ranar da ya fi kowace rana: Alin da ya gamu da Cleveland Williams a Houston a Nuwambar 1966, da Tyson da ya gamu da Michael Spinks a Atlantic City a Yunin 1988.

A jiki, Ali yana da ƙafa 6 da inci 3, Tyson ƙafa 5 da inci 10. Idan suka buɗe hannuwa, na Ali inci 78, na Tyson inci 71. A nauyi kusan kunnen doki ne, Ali wajen kilo 96 a wancan dare, Tyson wajen 99. Wato Ali zai iya taɓa Tyson daga inda Tyson ba zai iya taɓa shi ba, kuma duk damben zai tsaya ne a kan wannan 'yar tazara ta inci bakwai: mai tsaron ta da mai son ƙetare ta.

Bari in fara da hujjar mutanen Tyson, domin tana da ƙarfi, kuma masoya Ali sukan yi mata riƙon sakainar kashi. Tyson na shekarun nan uku ba ɗan ƙarfi ba ne kawai. D'Amato ya gina shi ne musamman don cin dogaye. Safar dambe manne da kumatu, kai ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana sunkuyawa yana kaucewa hagu da dama yana matsowa, kuma kowace kaucewa ɗaukar naushi ce. D'Amato ya ba kowane naushi lamba, ana kiran lambobin yaron yana zubawa, har abin ya zama masa kamar numfashi. Da dare kuma ya zauna yana kallon tsofaffin finafinan dambe na manajansa Jim Jacobs, yana nazarin su Jack Dempsey. Dambensa 19 na farko duk da bugun kwaf ɗaya ya gama su, 12 daga ciki a turmin farko. A Nuwambar 1986, yana da shekara 20 da wata 4, ya karɓe kambun WBC daga hannun Trevor Berbick, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa riƙe kambun duniya a ajin masu nauyi.

Wannan kisan na Berbick ya cancanci a tsaya a kansa. Turmi na biyu ne, suna manne da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taki ɗaya ba. Tyson ya ɗan juya kafaɗa, hagunsa ta sauka a gefen goshin Berbick. Da farko kamar babu abin da ya faru. Sai mutumin ya sulale. Ya yunƙura ya tashi, ƙafafun suka ƙi, ya tafi taga-taga ya faɗa kan igiya. Ya sake tashi, ya sake kifewa a tsakiyar fage. Naushi ɗaya, faɗuwa uku. Alƙalin wasa Mills Lane ya rungume shi ya tsayar da damben. Wanda yake kusurwar Berbick a daren nan kuwa Angelo Dundee ne, kocin Ali na tsawon shekaru fiye da ashirin.

To, a nan ne hankalin mai son Ali ya kamata ya tashi. Wannan naushin na hagu, mai zuwa a lanƙwashe ta gefe kamar lauje, shi ne ainihin abin da ya dami Ali tun farkon dambensa har ƙarshe. Da shi Banks ya kayar da shi. Da shi Cooper ya zaunar da shi a kan igiya a ƙarshen turmi na huɗu, ƙararrawa ta cece shi. Da shi Joe Frazier ya girgiza shi a turmi na 11 a Maris ɗin 1971, ya kuma shimfiɗe shi a na 15. Dalilin a fili yake: Ali yana sakin hannun damansa ƙasa, kuma yana ja da baya a miƙe maimakon ya sunkuya, abin da kowane koci yake hana yaro tun ranar farko. Saurinsa ne yake biya masa wannan bashi. Mutanen Tyson sukan ce, idan Frazier, wanda bai kai Tyson nauyi ba, bai kai shi saurin hannu ba, kuma kusan hannu ɗaya yake da shi, ya iya yi wa Ali haka, ina ga mai lauje a hagu, guduma a dama, da naushin da ke tasowa daga ƙasa ya ɗaga haɓa? Ga shi kuma Frazier mai jinkirin ɗumama ne, sai an yi turmi uku huɗu yake kama wuta, shi kuwa Tyson da wutarsa yake fitowa daga kusurwa. Wannan hujja ce ta gaskiya. Ban taɓa jin wanda ya rushe ta gaba ɗaya ba, ni ma ba zan ce na rushe ta ba.

Akwai wata hujjar kuma da ba ta da nauyi, gara a sallame ta da wuri. Mutum biyu ne suka yi dambe da su duka, Larry Holmes da Berbick, kuma dukansu sun doke Ali, dukansu Tyson ya kashe su. Amma Alin da Holmes ya daka a 1980 yana da shekara 38, ya yi shekara biyu bai yi dambe ba, kuma alamun rashin lafiya sun fara bayyana a jikinsa. Holmes ɗin da Tyson ya kayar a turmi na huɗu a Janairun 1988 shi ma shekararsa 38, daga ritaya aka taso shi. Babu abin da wannan ya nuna sai cewa tsufa ba ya barin kowa. Haka nan masu cewa Ali ya riga ya ga salon D'Amato a jikin Floyd Patterson, ya kuma doke shi sau biyu, a 1965 da 1972, su ma sun yi gaggawa. Patterson ƙaramin jiki gare shi, yana fama da ciwon baya a karon farko, kuma bai taɓa samun muguntar hannun Tyson ba.

Abin da ya karkatar da ni yana wani wurin, kuma shi ne abin da dattijon nan ya taɓo. Rabin makamin Tyson tsoro ne. Yakan shigo babu riga, babu safa, baƙin wando, baƙin takalmi, ya kafe abokin karawa da ido. Faɗuwar gaba asarar namiji. Spinks gwani ne, bai taɓa shan kashi ba a dambe 31, sau biyu yana doke Holmes, amma duk wanda ya kalli fuskarsa lokacin da ake karanta musu doka ya san ba zai kai ko'ina ba. Daƙiƙa 91 aka yi. Tambayar ita ce, wannan makami zai ci Ali?

Ali ya gamu da Tyson na zamaninsa har sau biyu. Na farko Sonny Liston, wanda ya kashe Patterson a turmin farko sau biyu a jere, wanda a cikin marubutan wasanni 46 da aka tambaya 43 suka ce shi zai ci. Ali ya bi shi har ƙofar gida yana tsokana kafin su haɗu a Fabrairun 1964, yana ɗan shekara 22. A cikin damben wani abu ya shiga idonsa bayan turmi na huɗu, ya koma kusurwa yana cewa a yanke masa safar ba ya gani, Dundee ya wanke masa ido ya tura shi. Ya yi turmi na biyar kusan a makance, yana miƙa hagu yana dafa kan Liston don ya san inda yake, yana zagayawa. Idon ya washe, ya dawo ya ci gaba da zungurinsa, Liston ya ƙi tashi daga kujera a turmi na bakwai.

Na biyu George Foreman, a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, da misalin ƙarfe huɗu na asuba. Foreman yana da shekara 25, dambe 40 babu faɗuwa, 37 da bugun kwaf ɗaya. Frazier ɗin nan da ya kayar da Ali, sau shida Foreman ya kai shi ƙasa cikin turmi biyu a Jamaika. Ken Norton da ya karya wa Ali muƙamuƙi, turmi biyu ya yi a hannunsa. Mutanen Ali na kusa da shi ma tsoron rayuwarsa suke ji. Shi kuwa, yana da shekara 32, ya gane tun turmin farko cewa ba zai iya yin rawa har turmi 15 a gaban wannan yaro ba, domin Foreman ya iya tare hanya. Nan take, a tsakiyar wuta, ya jefar da shirin da aka yi wata da watanni ana yi. Ya koma ya jingina da igiya, ya kwantar da bayansa can waje, ya rufe fuska da hannuwa, ya bar masa haƙarƙari. Dundee yana ihu ya bar igiya, ya ƙi. Foreman yana dukan ciki kamar mai sarar itace, Ali yana riƙo wuyansa yana danna shi ƙasa, yana raɗa masa magana a kunne, kuma kafin kowace ƙararrawa ya saki 'yan naushi masu tsabta a fuskarsa. A turmi na takwas hannuwan Foreman sun zama kamar an jiƙa su. Ali ya zame daga kusurwa, ya jera masa, dama ta ƙarshe ta juya shi, ya tafi yana lilo ya kife.

Ba ƙarfin jiki nake so a gani a nan ba. Mutum ne da dabararsa ta farko ta mutu a hannunsa, bai rikice ba, ya ƙirƙiro ta biyu a tsaye. Yanzu a nemo mini wannan a tarihin Tyson.

Tun yana kan ganiyarsa akwai alamu. James Tillis ya yi turmi 10 da shi a 1986 ta hanyar motsi da zungurin hagu, da ƙyar Tyson ya tsira da maki. James Smith ya yi 12 a 1987 ta hanyar ƙanƙame shi duk lokacin da ya matso. Tony Tucker, dogo, ya ɗaga shi da naushin ƙasan haɓa a turmin farko, shi ma ya kai 12. Duk Tyson ya ci su, ba a musun wannan. Amma a kalli turmin baya-baya na waɗannan dambe. Kan nan mai yawo ya fara tsayawa. Jerin naushi huɗu biyar ya koma ɗaya ɗaya. Idan aka rungume shi sai ya yarda, ya tsaya yana jiran alƙali ya raba, maimakon ya yi aiki a ciki kamar yadda Frazier yake yi. Wannan bambancin da Frazier shi ne abin da masu hujjar farko suke mantawa. Frazier ya yi turmi 41 da Ali a karo uku, kuma a Manila a 1975, ido a kumbure ba ya gani, yana roƙon kocinsa Eddie Futch ya bar shi ya fita turmi na 15. Wutar Frazier ta gawayi ce, tana ƙara ja ne da daɗewa. Ta Tyson ta kara ce, ta fi tsayi, ta fi ban tsoro, amma ba a kai dare da ita.

Sai Tokyo, Fabrairun 1990. Na san za a ce wannan ba Tyson na gaskiya ba ne, kuma akwai gaskiya a ciki. D'Amato ya rasu tun 1985, Jacobs a 1988, an kori Rooney, gida ya rikice. Mutanen da ke kusurwarsa ko ƙarfen da ake danne kumburi da shi ba su zo da shi ba, safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna ɗora masa a ido. Amma abin da James Douglas ya yi a daren nan shi ne taswirar da Ali zai bi. Douglas dogo ne, mahaifiyarsa ta rasu kwana 23 kafin damben, ya shigo ba ya tsoron komai. Ya yi ta zungurin hagu, ya bi da dama, ya matsa gefe, idan Tyson ya kutso ya riƙe shi. Tyson ya kayar da shi a ƙarshen turmi na takwas, ya tashi. A na goma Douglas ya ɗaga masa haɓa ya bi shi da huɗu, sai ga Tyson a kan gwiwa yana laluben robar bakinsa a ƙasa, ya cusa ta a karkace, alƙali yana ƙirgawa. Duk abin da Douglas ya iya a wannan dare guda, Ali ya fi shi iyawa a kowane dare: ya fi shi sauri, ya fi shi ƙafa, ya fi shi numfashi, ya fi shi haɓa.

Ga wata ƙididdiga da ta fi mini duk sauran. A duk rayuwarsa ta dambe, babu ranar da aka kai Tyson ƙasa ya tashi ya ci. Douglas, Evander Holyfield a 1996, Lennox Lewis a Memphis a 2002, duk wanda ya kayar da shi ya tafi da damben. Ba ragonta ba ce, ya sha duka mai yawa a tsaye a Tokyo da Memphis, amma ba shi da hanyar dawowa. Ali kuwa ya tashi daga naushin Banks ya ci, ya tashi daga na Cooper ya tsayar da shi a turmin da ya biyo. Laujen da Frazier ya sa masa a turmi na 15, bayan minti arba'in da wani abu ana azaba, ya isa ya kwantar da kowa. Ali ya faɗi da baya, ƙafafu a sama, muƙamuƙi a kumbure, kafin a ƙirga huɗu ya miƙe, ya ƙarasa turmin. Ya ƙarasa turmi 12 da Norton da karyayyen muƙamuƙi. A dambe 61 babu wanda ya taɓa ƙirga masa goma. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma Ali ya sha cin nasa gaya a gaban duniya.

Doka ma tana da baki a wannan magana. A zamanin Ali damben kambu turmi 15 ne. Bayan rasuwar ɗan damben Koriya Duk Koo Kim a 1982 aka fara rage shi zuwa 12, kuma Tyson bai taɓa wuce 12 ba ko sau ɗaya. Kowane turmi da aka ƙara riba ce ga Ali. Alƙalin wasa ma haka. Idan irin wanda ya bar Ali yana riƙo ƙeyar Frazier a karonsu na biyu a 1974 ne, Tyson zai wuni da kansa a ƙarƙashin hammatar Ali. Idan mai tsanani ne, mai hana riƙo, aikin Ali ya ƙaru sosai.

Inda zan sassauta wa mutanen Tyson shi ne a kan Ali na biyu. Dabarar igiya ta ci Foreman ne domin naushinsa mai faɗi ne, daga nesa yake ɗauko shi, ana ganin zuwansa, kuma yana zubar da ƙarfi. Tyson gajeren naushi gare shi, ya saba sa dama a haƙarƙari ya ɗago da ita ta tsakanin hannuwa zuwa haɓa, kuma mutumin da ya tsaya a igiya abincinsa ne. Alin 1974 zai sha wuya ƙwarai a turmi biyar na farko, wataƙila ma fiye da wadda ya sha a Manila. Ina ganin zai kai ƙarshe, amma ba zan rantse ba.

Akwai wani abu da ya haɗa su wanda yakan sa ni jimami. Dukansu suna da shekara 25 aka raba su da fage na fiye da shekara uku. Ali saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam a Afrilun 1967, bisa dalilin addininsa, aka ƙwace kambunsa da lasisinsa, sai a 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke shi. Tyson saboda kotu ta same shi da laifin fyaɗe a 1992, ya zauna a kurkuku har 1995. Dalilan ba su yi kama ba ko kaɗan, kuma bai kamata a haɗa su a ma'auni ɗaya ba. Amma abin da kowannensu ya dawo da shi yana cikin lissafin. Ali ya dawo babu ƙafar da ya dogara da ita, ya sake gina kansa daga tushe, ya doke Frazier da Norton da Foreman. Tyson ya dawo ya karɓi kambu biyu daga Frank Bruno da Bruce Seldon a 1996, sannan ya gamu da Holyfield, mutumin da ba ya tsoronsa, mai ture shi baya yana rama kowane naushi. An tsayar da damben a turmi na 11. A karo na biyu, da abin ya sake ƙi, sai cizon kunne. Alin da ya fi kowane Ali, na tsakanin shekara 25 da 28, babu wanda ya taɓa ganinsa. Williams ɗin da ya kayar sau huɗu cikin turmi uku ma mutum ne da harsashin ɗan sanda ya riga ya raunata, don haka ko wannan daren ba cikakken awo ba ne.

Idan na rufe ido na ga damben, ga yadda yake zuwa mini. Ƙararrawa, Tyson ya ƙetaro fage a guje. Ali yana zagayawa ta hagunsa, yana zungura, biyu, uku, ba don ya ji masa ciwo ba, don ya hana shi dasa ƙafa. Tyson yana shiga ƙarƙashin hannun fiye da yadda Liston ya taɓa yi, yana samun haƙarƙari. Ali yana riƙe shi, yana danna ƙeyarsa, yana yi masa magana. Turmi na biyar, na shida, kan Tyson ya rage yawo, damar Ali ta fara sauka a kan girarsa. Daga na takwas zuwa sama fagen na Ali ne, ko a tafi ga maki, ko alƙali ya shiga tsakani wajen na 12 ko 13. Idan sau goma za a yi, ina ba Ali bakwai.

Ukun da suka rage kuwa duk a wuri ɗaya nake ganinsu. Turmi na biyu ne ko na uku. Ali ya saki zunguri, ya ja da baya a miƙe kamar yadda ya saba, hannun dama a ƙasa, sai bayansa ya taɓa igiya taki ɗaya kafin inda ya zata. Tyson yana sunkuye a ƙarƙashinsa, nauyinsa duka a kan ƙafar hagu, kafaɗar ta riga ta fara juyawa. Cooper ya sami wannan daƙiƙa, Frazier ya same ta, kuma sau biyun Ali ya tashi. A hannun Tyson na 1988, saura minti biyu a turmin, babu ƙararrawa kusa, a nan ne nakan buɗe ido ban ga ƙarshen ƙirgar ba.